Takardar Siminti da Na Bari a Aljihun Keke

Bana shekara ashirin da shida ke nan da rasuwar yayana Sa'idu, wanda tsofaffin unguwarmu ta Briqueterie suka fi sani da Sa'idu Kwamfuta. Ya rasu ana tsakiyar ruwa, yana da shekara arba'in da ɗaya. Ni da nake ƙaninsa yanzu na ba shi shekara ashirin cur, gemuna ya yi fari, jikoki suna hawa kaina, amma har yau in na tuna shi sai in gyara zama, kamar zai shigo ya same ni ina ɓarna. Kowace shekara in lokacin ya zagayo nakan sa a soya ƙosai a raba, in roƙi liman ya sa shi a addu'a, in koma kan kekena na ɗinki. Bana na ga ƙosai ba zai isa ba. Akwai maganar da ya kamata in faɗa tun yana da rai ban faɗa ba, kuma waɗanda ya kamata su ji ta suna ta ƙarewa ɗaya bayan ɗaya.

Ni tela ne, sunana Ilu, shagona yana kan layin da ke gangarawa wajen masu suya. Yaya Sa'idu shi ya yi boko a gidanmu. Ya fito makarantar koyon sana'a a matsayin mai zana taswirar gini, ya sami aiki a wani ofishin injiniyoyi a cikin gari. Da farko da rula da alƙalamin tawada yake aiki a kan wata takarda shara-shara, daga baya aka kawo musu kwamfuta, ya zama ya fi kowa iya ta. Bai taɓa raina sana'ata ba, amma bai bar tsokanata ba ko sau ɗaya. Yakan ce ni da shi aikinmu ɗaya, awo da alli, sai dai in na yi kuskure mutum zai ji matsi a hammata, shi in ya yi kuskure rufi ne zai faɗo wa mutum a ka. Ni kuma in ce masa ai ko injiniyan ba ya zuwa duba gini tsirara.

Sai aka shiga shekarun nan da muke kira la crise, wato shekarun matsin tattalin arziki. Wanda bai gan su ba ba zai gane ba. Aka zaftare albashi, kuɗi ya faɗi, ofisoshi suka riƙa rufewa. Mutanen da muka saba gani da kwat da jaka sai ga su a kasuwar Mokolo suna baza gwanjo a ƙasa, suna kauda kai in sun hango wanda suka sani. Masu kawo mini shadda suka koma kawo tsofaffin riguna a rage musu wuya. Ofishin su Yaya ma ya rufe. Mai shi da zai tattara ya koma ƙasarsu ya bar masa tsohuwar kwamfuta ɗaya, don ba ta cancanci a ɗauke ta a jirgi ba. Tasi guda muka ɗauka ita kaɗai, Yaya ya rungume ta a kujerar baya yana roƙon direba ya lallaɓa a ramuka. Da muka iso mutanen layi suka fito kallo. Ranar ya sami sunan da ya bi shi har kabari.

Da ita ya ci gaba da ciyar da iyalinsa. Manyan gine-gine sun tsaya, amma a unguwa irin tamu kullum akwai mai son ƙara ɗaki, ko fitar da shago ta bangon zaure, ko neman inda zai cusa bayan gida a filin da bai fi tabarma uku ba. A nan ya gano abin da ba a koya masa a makaranta ba. A makaranta an ce saman takarda shi ne arewa. Amma a Briqueterie babu wanda ya taɓa zuwa ya tambaye shi ina arewa. Tambaya ɗaya ce kullum: ina alƙibla? Kada bayan gida ya fuskance ta, kada ya ba ta baya, kuma in da hali bangon ɗaki ya zo daidai da ita. Sai Yaya ya juya aikinsa gaba ɗaya, ya mai da saman allon kwamfutarsa alƙibla. Magina suka ji daɗin abin ƙwarai. Yawancinsu ba sa karanta Faransanci, amma in ka miƙa musu takardar Sa'idu sun san su tsaya yadda suke tsayawa a sallah su riƙe ta, komai zai zauna a wurinsa.

Ina jin a gida ya ɗauko wannan. Lokacin da mahaifinmu zai gina ɗakin Inna, mahaifiyarmu, sai da ya kira wani tsohon malami ya ja masa igiya, aka ɗora bangon a kan alƙibla sak. Ɗakin yana gefen gidan, ta wajen kwatar da ke ɗauke ruwan layinmu. A shekarun da nake magana yanar ido ta riga ta rufe idon Inna, ba ta ganin komai sai haske da inuwa, amma a ɗakin nan ba ka cewa makauniya ce. Taku huɗu daga gado zuwa randa, taku uku zuwa ƙofa, in lokacin sallah ya yi ta shafa bango da tafin hannu ta ja da baya kaɗan ta tayar. Ba ta son a riƙe mata hannu. In ka kuskura ka riƙe, sai ta ce ka je ka riƙe na matarka.

Wata safiya wasu mutanen hukuma suka zo da igiyar awo da turaku, suka ce za a faɗaɗa kwatar a zuba mata siminti, duk ginin da layin ya taɓa za a rushe. Aka ce ɗakin Inna yana cikin waɗanda ake zato. Aka ba da kwana goma, wanda yake da ƙorafi ya kai taswirar gidansa a ɗora a kan tasu a gani. A lokacin ciwon ƙoda ya riga ya kama Yaya, ƙafafunsa sun kumbura har silifa ba ya shiga. Haka ya fito yana dafa bango, na riƙe masa bakin igiya, muka auna gidan kusurwa kusurwa, muka auna turakun da suka kafa, duka daga famfon unguwa da ke bakin layi, don ya ce famfon yana cikin taswirarsu. Kwana uku yana shigar da awon, in an ɗauke wuta ya kwanta, in an kawo ya tashi. Rana ta huɗu ya kira ni yana murmushi. Layin zai ci akurkin kaji da ɗan guntun katanga, amma ya bar bangon Inna da taku biyu.

Ya ji labarin cewa ofishin masu aikin kwatar da kwamfuta suke aiki, abin ya faranta masa. Ya ce wannan karon da harshensa za a yi magana. Sai dai manhajar da yake zane da ita dabam take da tasu, ɗaya ba ta karanta aikin ɗaya. Dole ya fitar da zanen zuwa wani irin fayil da suke kira DXF, wanda kowace manhajar zane take iya shigarwa. Ya taɓa kwatanta mini shi da Faransancin kasuwa: kai ba harshenka ba, mai sayarwa ba harshensa ba, amma za a yi ciniki. Matsalar ita ce ba komai ke ƙetarawa ba. Layuka suna wucewa lafiya. Rubutun da ya yi a jikinsu, da 'yar kibiyar da ke nuna arewa, sukan ɓace a hanya, don da wasu haruffa na kwamfutarsa aka yi su, waɗanda ba sa bin zanen. Kuma fayil ɗin ba ya faɗa wa wanda ya karɓa ko da mita aka auna ko da santimita. Saboda haka yana da wata al'ada da ba ya karyawa. Duk disket, wato ɗan faifan kwamfuta, da zai fita daga hannunsa sai ya naɗe shi a yankin takardar buhun siminti, ya rubuta layi uku a jiki da fensir, ya ɗaure da roba.

Ranar Juma'a ce ranar ƙarshe. Ya so ya je da kansa, ya tashi tsaye jiri ya mayar da shi kan katifa. Ya kwafi fayil ɗin a disket biyu, ya ajiye ɗaya, ya naɗe ɗaya ya miƙa mini.

Ya ce, "Ilu, ka ba su haka yadda yake. Da takardar."

Na ce, "To, Yaya."

Ya yi mini bayani, ba zan yi masa ƙarya yana kabari ba. Ya yi, yana yi yana haki. Ni kuwa hankalina yana kan wace riga zan sa, don ban taɓa shiga irin wannan ofishi ba.

Na biya ta shago in ɗauki hula. A nan na dubi ƙunshin da kyau. Takardar ta yi maiƙo da man zafin da ake shafa masa, ga tabon gindin kofin shayi a gefe, robar kuma irin wadda ake ɗaure ganyen miya ce. Kunya ta kama ni. Mu a unguwar nan ba a miƙa wa babban mutum abu a wulaƙance. Goro ma sai an naɗe shi a abin kirki, littafi sai an yi masa gafaka. Na ce a raina yaya za a yi ɗan gidan tela ya kai wa hukuma aikin yayansa a takardar siminti, su ce ga 'yan Briqueterie nan da ƙazantarsu? Akwai ragowar wata shuɗiyar shadda a gabana. Cikin rabin awa na ɗinka wa disket ɗin 'yar jaka daidai jikinsa, na sa mata maɓalli, har na yi mata ɗan aiki a baki da farin zare. Na ga rubutun fensir a takardar, na ɗauka lissafinsa ne na awo. Na ninke ta na jefa a aljihun keke na rufe.

A ofishin na tarar da layi har waje. Sai wajen ƙarfe ɗaya na isa gaban wanda ke kan kwamfutar, wani mai gilashi, da ka gan shi ka ga wanda ya gaji da duniya. Da na miƙa masa jakar sai fuskarsa ta saki. Ya juya ta, ya shafa aikin, ya ce ta yi kyau, ko zan iya yi masa irinta ta gilashinsa? Wallahi a lokacin ji na yi kaina ya yi girma. Na ce a raina da na kawo takardar siminti da wa zai yi mini wannan fara'a?

Ya sa disket ɗin, zanen ya fito ƙato har ya fi ƙarfin allon. Ya yi tsaki, ya gane da kansa cewa santimita ce, ya gyara. Ya tambaye ni inda zai kama. Na hango wani ɗan zagaye na gane famfo ne, na nuna masa, ya ɗora shi a kan famfon taswirarsu. Biyu daga cikin uku ke nan, ban ma sani ba. Sai ya tambaye ni da Faransanci, bai ko ɗago ba, saman nan arewa ne ko? Ni dai duk taswirar da na gani a 'yar firamaren da na yi arewa ce a sama. Ga mutane a bayana suna ƙunƙuni. Na ce, "Oui, chef," wato e, ranka ya daɗe.

Ya danna. Gidanmu ya kwanta a gicciye a kan kwata, jan layinsu ya shiga ta ƙofar Inna ya fita ta bayan gadonta. Ya juyo mini allon ya ce in duba da idona, taswirar da na kawo da hannuna ita ta ce muna ciki. Na ce yayana ya ce da saura taku biyu. Ya ɗaga kafaɗa, ya buga hatimi, ya miƙo mini jakata, ya kira na baya. Shekaru na yi ina neman in ɗora masa laifi ban samu inda zan kama ba. Ya tambaya, an ba shi amsa.

A ƙafa na dawo, ban ma tuna da tasi ba. Ina shiga shago zuciyata ta ce in buɗe aljihun nan. Faransancina bai taka kara ya karya ba, amma ya isa karanta layi uku. A kama daga famfo. Awo da santimita. Na ukun ya ja masa layi biyu a ƙasa: sama ba arewa ba ce, alƙibla ce, a juya zanen digiri hamsin da biyar. Na fita da gudu, babban mutum da babbar riga, ina tsallake taɓo. A shekarun nan ofisoshi ƙarfe uku da rabi suke tashi. Na tarar da mai gadi yana sa kwaɗo. Na nuna masa takardar, ya dube ta ya dube ni, ya ce in dawo Litinin.

Bayan la'asar na shiga wajen Yaya. Yana kishingiɗe, an jingina shi da filo biyu. Bai tambaye ni yadda aka yi ba. Abu ɗaya ya tambaya.

"Ka ba su da takardar?"

Tana cikin aljihuna, ina jin ƙamshin man zafin. Na ce, "Na ba su, Yaya."

Ya lumshe ido ya ce, "Alhamdu lillahi. To ɗakin Inna ya tsira."

Na sha gaya wa kaina cewa tausayinsa na ji, mutum yana wannan hali ba a ƙara masa damuwa. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma ba ita ce duka ba. Tsoro na ji. Tun muna yara ba na iya jure kallon da yake yi mini in na yi wauta. Kuma abin da ke hana ni sukuni shi ne, a ranar hankalinsa garau yake. Da na faɗa masa, da zai iya rubuta wasiƙa da Faransancin da ake saurara, da zai iya tuno wani abokin karatunsa a can sama. Ko zai yi amfani ko ba zai yi ba, Allah kaɗai Ya sani. Ni dai na hana shi gwadawa. Ranar Lahadi jikinsa ya rikice aka kai shi asibiti, daga nan bai ƙara yin doguwar magana ba.

Na koma ranar Litinin, aka ce sunaye sun riga sun hau sama. Na koma Laraba, aka ce mai gilashin ya fita aiki. Sau biyar ina zuwa da takardar simintina, ina tsayawa a baranda ina neman wanda zai karanta layi ɗaya. Wani ya ce in rubuto a rubuce, na biya aka rubuta mini, aka karɓa aka sa a ƙarƙashin wasu takardu, ban sake jin labarinta ba. Daga asibiti in tafi ofis, daga ofis in koma asibiti, ko'ina jira nake a bakin ƙofa. Kwana goma sha tara Yaya ya yi ya cika. Ranar da muka dawo daga maƙabarta na mayar da takardar aljihun keke.

Kafin sadakar arba'in aka zo aka shafa jan fenti a bangon. Inna ba ta gani, amma hancinta lafiya lau. Ta leƙo ta ce, "Wa ke fenti a bangona? Ai yayanku ya ce an bar mini." Ba ta faɗin sunansa, ɗan fari ne.  Bayan mako biyu aka rushe. Sauran ɗakunan gidan a cike suke, sai ƙanwarmu Hajara ta ɗauke ta zuwa gidanta a unguwar Ekoudou. Gidan Hajara ya fi namu kyau nesa ba kusa ba, amma a gangare aka gina shi, yadda fili ya ba da, alƙiblarsa tana can wajen wata kusurwa. Inna ta shafa bangon nan ta shafa, bai gaya mata komai ba. Sau biyar a rana sai ta tsaya a tsakar ɗaki ta ce, "Ina gabas?" a zo a kama kafaɗunta a juya ta. Matar da ba ta yarda a riƙe mata hannu. Shekara biyu tana wannan tambaya kafin ita ma ta tafi. Ba ta taɓa kuka da kowa ba. Sau ɗaya kawai ta ce mini, "Ilu, a ɗakina ba na tambayar kowa."

Da aka gama kwatar, kowa ya ga inda ta bi. Ba ta taɓa wurin ɗakin ba. Taku biyu, yadda ya faɗa. Filin yana nan har yau, wata mata tana gasa ayaba a kai. Mutanen layi suka ce to, awon Sa'idu daidai ne, kwamfutarsa ce ta yi ƙarya. Wasu suka ce boko ne ya yi masa yawa, da ya zana da hannu irin na da da ba a yi haka ba. Har aka mai da abin zancen teburin mai shayi, wai kwamfutar Sa'idu ce ta cinye ɗakin uwarsa. Ina zaune ake faɗa, ina kurɓar shayina. Shekara ashirin da shida ban ce uffan ba.

Nakan yi tunanin me zai ce da ya ga yau. Yanzu yaro zai ciro waya ta nuna masa alƙibla a cikin tasi. Zanen da ya sa ni ɗinka jaka da bin layi, yanzu kafin ka ɗaura alwala an aika shi har garin Garoua an dawo da amsa. Na san zai yi murna da wannan, mutum ne mai son sabon abu. Na kuma san zai yi ta faɗa in ya ga benayen da ake ɗorawa a unguwar nan, ana dasa bayan gida duk inda bututu ya fi sauƙi, ba a tambayi kowa ba. Kwatar kuwa ta cika da leda, in an yi ruwa mai ƙarfi har cikin shagona yake shigowa. Amma abin da zai fi ba shi dariya shi ne jin cewa matsalarsa ba ta mutu ba. 'Yarsa Habiba, wadda ya bari tana da shekara shida, yanzu ita ma taswirar gini take zanawa a wani ofishi. Ta ce har gobe fayil yakan zo mata daga wata manhaja rubutunsa ya ɓace, ko gida guda ya fito kamar akwatin ashana don ba a faɗi awon ba. Ita kuma ba ta aika zane sai ta haɗa shi da 'yan layuka na bayani, abokan aikinta suna yi mata dariya. Babu wanda ya koya mata, ban san inda ta gado ba in ba jini ba.

Watan jiya ta shigo shagona bayan azahar da 'yar kwamfutarta a jaka. Ashe ta tono disket ɗin mahaifinta a wani gwangwanin biskit a kayan uwarta, ta yi ta yawo har ta sami mai tsohuwar na'urar da ke karanta su. Duk sun lalace sai ɗaya, na biyun nan da ya ajiye. Ta buɗe a kan teburin yanka, ta ɗora zanen a kan hoton unguwarmu da aka ɗauka daga sama.

Ta ce, "Baffa, duba. Gidanmu ne, amma a karkace yake. Babu rubutu, babu kibiya. Na rasa yadda Baba zai yi irin wannan kuskure."

Kekena na yanzu na lantarki ne, amma tsohon yana nan a lungu, na hana a sayar. Na tashi na ja aljihun, sai da na jijjiga shi ya buɗe. Takardar ta yi laushi, fensirin ya dushe, amma yana karantuwa. Na miƙa mata. Ta karanta, ta sake karantawa. Ta rubuta lambar ta danna. Gidan ya juya a kan famfon kamar ƙyaure a jikin ƙofa, kowane bango ya hau kan bangonsa na cikin hoton, ɗakin Inna ya fito daga kwata ya tsaya daidai inda mai ayaba take zama. Ko daƙiƙa biyu abin bai ɗauka ba.

Ta ɗago kai daga allon. Sannan ta ce, "Baffa, tun yaushe takardar nan take wurinka?"

Na ce, "Tun ranar."

Na gaya mata duka, har da shaddar, har da fara'ar mai gilashi. Ba ta ɗaga mini murya ba, da ta ɗaga da na fi samun sauƙi. Ta ce tun tana firamare yara suke yi mata waƙar kwamfutar babanta, kuma abin da ya kai ta wannan sana'a ke nan, tana son ta gano da idonta inda ya yi kuskure ta huta. Ta ce, "Ashe wurin da nake nema babu shi." Ta tambaye ni ko za ta iya tafiya da takardar. Na ce ai tata ce. Ta durƙusa ta yi mini sallama yadda ta saba, ta fita. Na zauna da rigar wani a cinyata har aka kira la'asar ban sa mata allura ba.

Me ya rage na Yaya Sa'idu? Kwamfutar ta daɗe da mutuwa, masu sayen ƙarfe suka tafi da ita. Ofishin da ya yi wa aiki ko sunansa ba a tunawa. Amma in ka bi lungunan nan daga bayan masu suya har ka fita wajen unguwar Madagascar, akwai ɗakuna da dama da in baƙo ya shiga ya nemi alƙibla za a ce masa ya fuskanci bango kawai. Masu ɗakunan da yawa ba su san wa ya yi musu wannan ba, 'yan haya ne, jiya suka zo. Akwai Habiba da 'yan layukanta na bayani. Akwai kuma sunansa, wanda na bari aka yi ta taka shi ina kallo. Duk wanda ya taɓa cewa kwamfutar Sa'idu ta yi ƙarya, in yana raye ya ji: ba ta yi ba, shi ma bai yi ba. Ya san abin da zai ɓace a hanya, ya rubuta shi, ya ja masa layi biyu, ya danƙa wa ɗan'uwansa.

'Yar jakar shaddar tana nan a wurina. Shekara ashirin da shida ko zare ɗaya bai saki ba, don ni ma na iya aikina. Ban san abin da zan yi da ita ba, na kasa yarwa, na kasa kallo. Ɗakin ba zai dawo ba, Inna ba za ta dawo ta shafa bangonta ba, kuma wanda ya kamata in roƙi gafararsa ya tafi yana gode wa Allah a kan maganar da na gaya masa. Allah Ya jiƙansa, Ya jiƙan Inna, Ya haskaka makwancinsu. Abin da kawai ya rage a hannuna shi ne tambayar da ya yi mini ranar Juma'ar nan bayan la'asar, wadda har yau ban amsa masa da gaskiya ba.

A'a, Yaya. Ban ba su da takardar ba.